An bar jaki ana dukan taiki: manet ce ta gaji, ba yaron ya ɓata ta ba

Duk garin da kuran ya shiga, ko aka kafa farantin hasken rana, ba a daɗewa sai ka ga rumfa da telebijin da PlayStation, yara sun yi layi da ƴan dalolinsu. Garagumsa ba ta tsira ba, balle Takeita da ke kan babbar hanyar Zinder zuwa Maraɗi. Rigimar da ke biyowa baya kuma kusan ɗaya ce ko'ina. Yaro na wasan tseren mota, ya taɓa ƴar sandar manet kaɗan, mota ta yi tsalle ta afka gefen hanya. Mai rumfa ya ce shi ya ɓata, sai ya biya. Uba ya ji labari ya ɗauki bulala. Malam a lakwal ya ƙara da cewa ai dama wasan banza ne. Ni kuwa ina cewa a mafi yawan lokaci zaluntar yaron aka yi, kuma rashin sanin manya ne ya jawo.

A ƙarƙashin sandar nan da babban yatsa ke turawa akwai ƴan na'urori biyu, ɗaya ta hagu da dama, ɗaya ta gaba da baya. Kowace na da ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wani layi na gawayi, ƙarfin lantarkin da ke fitowa yana sauyawa gwargwadon inda harshen ya tsaya. A PlayStation 2 ana mai da wannan ƙarfi lamba daga 0 zuwa 255, tsakiya kuwa wajen 128. To duk abin da ake goga yana cinyewa. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da gumin hannu da garin gawayin da ya kankare, sai sandar ta koma tsakiya amma lambar ta ƙi komawa. Mota ta riƙa ja gefe ba wanda ya taɓa ta. Manet ɗin da yara ashirin ke riƙewa kullum, wa zai ce na ƙarshe shi ya kashe ta?

Kada a ce matsalar yaranmu ce masu hannun ɓarna. Manet ɗin Nintendo Switch da ta fito a 2017 ta yi wannan cuta a hannun Turawa har aka kai ƙara kotu a Amurka a 2019. Shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya nemi afuwa a 2020. A Janairun 2021 ƙungiyar kare masu saye ta Turai, BEUC, ta kai kuka hukumar Tarayyar Turai da ƙorafi kusan 25,000, kuma a 2023 kamfanin ya amince ya riƙa gyara kyauta a can. Can kamfani ne ya sunkuyar da kai, nan kuwa ɗan shekara goma ake karɓe wa kuɗin kalaci.

Akwai kuma lokacin da manet lafiyarta ƙalau, saiti ne ya yi kaifi. Sitiyarin mota na gaske yakan juya wajen digiri 900 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wato zagaye biyu da rabi. Sandar manet kuwa tafiyarta ba ta fi faɗin yatsa ba. An matse duk wancan juyi cikin wannan ɗan wuri, don haka ɗan motsi kaɗan ya zama babban kwana.

Bincikensa ba ya cin ko dala. A saki sandar a ga ko mota na ja da kanta. In tana ja, cinyewa ce ko ƙura. A sauya wata manet. In matsalar ta tsaya yadda take, laifin saiti ne. A irin manet mai arha da ake jonawa a kwamfuta, a duba ko jar fitilar analog na kunne, domin in ta mutu sandar takan koma kamar maɓalli, hagu gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya. A wasannin da ke ba da dama, a shiga saiti a ɗan faɗaɗa abin da Faransanci ke kira zone morte, wato ɗan filin tsakiya da wasa ba ya jin motsi cikinsa, a kuma rage kaifin juyi. In an faɗaɗa shi da yawa mota ta zama kurma, don haka kaɗan-kaɗan ake yi ana gwadawa. Datti kuwa da alkol na goge na'ura ake cire shi bayan an zare waya, ban da ruwa, ban da mai. In layin gawayin ya ƙare, mai gyaran salula da ya iya dalma zai iya sauya na'urar.

A nan nake da magana da malamai. Kullum kuka ake ba kayan gwaji a makarantunmu, alhali matacciyar manet na kwance a kowace rumfa. Dokar Ohm ta 1827 da yara ke haddacewa don jarrabawa ita ce ke aiki ƙarƙashin yatsansu. Malamin lissafi ma yana da rabonsa. In wasa ya ninka turin da kansa, rabin turi ya ba da rubu'in juyi, tunda 0.5 sau 0.5 shi ne 0.25, cikakken turi kuwa ya ba da cikakken juyi. Wannan ne lanƙwasasshen layin da ake zanawa a allo yara na hamma. Mai son ƙari ya gaya musu cewa manet ɗin Dreamcast ta 1998 maganaɗisu take aunawa ba tare da guga ba, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879.

Na san abin da iyaye za su ce: yaro na gudun aji, yana ɗauke canjin cefane, yana kaiwa dare a rumfa. Gaskiya ne, kuma wannan ya cancanci tsawatawa da ƙayyade lokaci. Amma hukunci kan laifin da ya yi daban, biyan diyyar abin da bai ɓata ba daban. Yaron da aka daka kan laifin ƙura darasi ɗaya ya koya, cewa mai ƙarfi ba ya bincike kafin ya yanke hukunci.

Saboda haka, mai rumfa ya ware kuɗin gyara daga cinikinsa, ya rufe kayansa da tsumma in an tashi. Uba ya ce a saki sandar a gabansa kafin ya sa hannu a aljihu ko ya ɗaga bulala. Malam kuwa ya roƙi tsohuwar manet ɗaya da sukudireba, ya buɗe ta a gaban aji ranar darasin lantarki.