Dausayin Lekki da haƙƙin 'ya'yanmu na sanin halittun Allah

Duk lokacin da hutun makaranta ko na Sallah ya zo, magidantanmu da ke zaune a Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, sukan kwashi iyali zuwa manyan kantuna ko wuraren lilo. Ba mu ga laifin hakan ba matuƙar an kiyaye iyakokin shari'a. Sai dai muna ganin akwai wurin da ya fi waɗannan cancanta da ziyara, wato dausayin da aka killace a Lekki, kusa da gaɓar tekun Atalantika.

Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, ita ce ta kafa wannan gandu a shekarar 1990, a kan fili mai faɗin hekta 78 a gefen babban titin Lekki zuwa Epe. Wani sashe nasa kurmi ne mai tsayayyen ruwa, wani kuma fili ne mai ciyawa. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, yadda tsoho da yaro za su taka a natse ba tare da sun shiga taɓo ba. Akwai kuma gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman itatuwa, ga wanda zuciyarsa za ta ɗauka. A cikin gandun akwai birai da kadoji da kunkuru, ga tsuntsaye irin su zalɓe da balbela da cilakowa da shirwa.

Me ya haɗa Musulmi da kallon tsuntsu? Alƙur'ani mai girma ya ja hankalinmu ga tsuntsaye a wurare da dama. Suratun Nahli da Suratul Mulki sun kira mu zuwa ga duban yadda suke shawagi a sararin sama, Suratul An'ami kuma ta sanar da mu cewa su ma al'ummomi ne kamar mu. Yaranmu suna haddace waɗannan ayoyi a Islamiyya, amma da yawansu ba su taɓa tsayawa minti biyar suna duban tsuntsu ba. Kakanninsu sun san zuwan shamuwa alamar damina ce, su kuwa ba za su iya bambance zalɓe da balbela ba. Idan yaro ya ga zalɓe ya tsaya cik a bakin ruwa yana dakon kifi, darasin arziki da tawakkali zai zauna masa fiye da yadda bayanin baki zai zaunar.

Killace ƙasa don maslahar jama'a ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza. Malaman fiƙihu suna kiran wannan tsari hima. Duniya ta zo ta yi nata yunƙurin a 1971, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne yadda ake kallon fadama a matsayin ƙasar banza, wadda sai an cike ta da yashi an yi gini take da daraja. Gandun Lekki a yau gine-gine sun kewaye shi. Alhali dausayi shi ne ke shanye ruwan sama, ya riƙe shi, ya sake shi sannu a hankali. Idan aka toshe shi, ruwan ba ya ɓacewa, gidajen mutane yake nufa, kuma mazauna Legas sun san abin da ambaliya ke yi musu duk damina. Wurin da jama'a ba su sani ba, ba za su yi magana ba ranar da aka zo yanka shi filaye.

Wani zai ce akwai kuɗin shiga, ga cunkoson motoci, ga cakuɗuwar maza da mata. Gaskiya ne, amma duk suna da magani. A yi sammako, domin da sanyin safiya tsuntsaye suka fi fitowa, kuma a zaɓi ranar aiki idan da hali, lokacin da taro ya yi sauƙi. A tafi da guzuri da darduma, kada yawo ya ci lokacin sallah. A hana yara jifa da ihu da miƙa wa birai abinci, kuma duk leda ko gorar da aka shiga da ita a fito da ita. Makarantun Islamiyya ma za su iya shirya wa ɗalibai irin wannan fita, kowane yaro da littafinsa yana rubuta abin da ya gani da sunansa na Hausa.

Wanda yake nesa da teku, akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai a lokacin hunturu. Allah Ya sa mu cikin masu lura da ayoyinSa, Ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da Ya ba mu.