Zanen aro ba ya rufe katara: kan haɗa kwamfuta don ɗora mata manhajar Apple

A cikin matasanmu masu sha'awar kwamfuta, musamman waɗanda suka kai lise ko jami'a, akwai wani buri da ke yawo. A sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su cikin akwati, sannan a ɗora mata macOS, wato babbar manhajar da kamfanin Apple ya yi domin kwamfutocinsa na Mac kaɗai. Masu wannan harka sun raɗa wa irin wannan na'ura suna Hackintosh. Yaro zai gani a YouTube, ya zo wa mahaifinsa da lissafi a takarda, ya ce: "Baba, da rabin kuɗin Mac za mu samu Mac." Uba bai san inda zai kama ba, sai ya nufo malami. Tun da tambayar takan biyo ta kanmu, ga matsayina: a bar yaro ya haɗa kwamfuta da hannunsa, har ma a taimaka masa, amma kada a zuba kuɗin gida ko na makaranta don a ɗora mata manhajar Apple.

Bari in fara da yadda abin ya samo asali. A da, ƙwaƙwalwar da ke cikin Mac, wadda ake kira firosesa, daban take da ta sauran kwamfutoci. A watan Yuni na 2005 Steve Jobs ya sanar cewa Apple zai koma amfani da firosesa ta kamfanin Intel, kuma a farkon 2006 irin waɗannan Mac suka shiga kasuwa. Daga nan cikin Mac ya zama kusan ɗaya da cikin kwamfutar HP ko Dell. Sai masu ƙwaƙwa suka ce, tun da kayan ciki iri ɗaya ne, me zai hana manhajar ta tashi a kan na'urar da ba ta Apple ba? Suka yi ta gwaji har ta tashi.

Yadda ake yi a yau shi ne: mutum ya zaɓi uwar allo, wadda masu gyara a nan suke ce wa kart mer, da firosesa, da katin hoto, duk waɗanda suka yi kama da na cikin wata Mac ta gaske. Sannan ya shirya kile na USB da wata ƙaramar manhaja mai tayar da na'ura, wadda aka fi sani a yanzu ita ce OpenCore, kafin ita kuma Clover. Aikinta shi ne ta shaida wa macOS cewa wannan akwati iMac ne ko Mac Pro, har da lambar na'ura da aka ƙirƙira. Akwai kuma wasu ƴan manhajoji da ake liƙawa, ɗaya ta kwaikwayi wani ɗan guntun ƙarfe da Apple ke sa wa na'urorinsa, ɗaya ta sa sauti ya fito, ɗaya ta daidaita hoto. Kowane ɗaya ya kuskure, na'urar ta tsaya da baƙin allo. Aiki ne na basira, ban raina masu yin sa ba. Amma basira daban, abin da ya kamata uba ya sa wa kuɗinsa daban.

Dalilina na farko: hanyar ta zo ƙarshe. A watan Nuwamba na 2020 Apple ya fitar da Mac ta farko mai firosesar da ya ƙera da kansa, M1, ya kama hanyar rabuwa da Intel. A 2023 ya daina sayar da Mac ta ƙarshe mai Intel. A watan Yuni na 2025 kuma ya faɗa a fili cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Wannan firosesa ta Apple ba a sayar da ita a kasuwa balle yaro ya sayo ya ɗaura a uwar allo. Ma'ana, duk wanda ya haɗa Hackintosh yau ya haɗa na'urar da ba za ta taɓa karɓar sabuwar macOS ba. Za a ci gaba da aiko da gyaran tsaro na ƴan shekaru, daga nan shi ke nan. A ƙasar da ake sayen kwamfuta da niyyar wa ya yi aiki da ita ya bar wa ƙane, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Na biyu, manhajar ce ke zaɓar maka kaya, ba aljihunka ba. Tun daga macOS Mojave ta 2018, yawancin katunan hoto na Nvidia ba sa aiki, sai dai wasu na AMD. Sashen hoto da ke cikin firosesar Intel kuwa, daga zubi na 11 zuwa sama macOS ba ta san shi ba. Katin wifi ma sai an tona an samo wanda ya dace. Wanda ke Faransa ko Amurka zai yi oda ta intanet, in bai yi ba ya mayar a ba shi kuɗinsa. Mu kuwa abin da ya iso kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, yawanci na hannu, shi muke zaɓa a ciki. In an aika Kano ko Dubai aka kawo kati ya ƙi aiki, wa za a mayar wa?

Na uku, zaman na'urar a hannunmu. Duk lokacin da Apple ya aiko da sabuntawa, mai Hackintosh sai ya dakata ya bincika ko za ta karya masa na'ura. Manhajar kanta ta haura giga 10, ga kuɗin intanet, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗorawa. Ranar da ta ƙi tashi, mai gyaran unguwa da ya saba da Windows zai duba ya ce sai dai a goge. Yaron da ya haɗa ta shi kaɗai ya san sirrinta. Idan ya tafi karatu wani gari, na'urar ta zama kayan ado a ɗaki. A makaranta abin ya fi muni, domin malamin da ya haɗa ana iya canza masa wurin aiki a ƙarshen shekara, ya bar ɗakin kwamfuta da kayan da ba mai iya taɓawa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na malami. Yarjejeniyar da mutum ke amincewa da ita kafin ya ɗora macOS ta faɗa ƙarara cewa ba a ɗora ta sai a kan kwamfutar Apple. A 2008 wani kamfani a jihar Florida ta Amurka, Psystar, ya fara sayar da kwamfutoci da manhajar Apple a ciki. Apple ya kai shi kotu, a ƙarshen 2009 kotu ta ba Apple gaskiya ta kuma hana kamfanin ci gaba. Ban ce wani zai taso daga Kalifoniya ya kama ɗalibi a Tawa ba. Abin da nake dubawa shi ne darasin da yaro ke ɗauka: ya latsa "na yarda" a kan sharaɗin da ya san zai karya, ya kuma koya wa na'ura ta yi ƙaryar sunanta da lambarta. Mu da muke korar ɗalibi daga ɗakin jarrabawa don ya leƙa takardar wani, da wane baki za mu tafa wa wannan?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce: "Malam, Windows ɗin da ke shagunan buga takardu da ofisoshi da yawa, wa ya biya kuɗinta?" Gaskiya ne, kwafin da ba na ƙa'ida ba ya yi yawa a wurinmu. Za a kuma ce Apple ya tsawwala farashi, ya rufe ƙofa da gangan, talaka ba shi da zaɓi. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ni ba lauyan Apple ba ne. Amma yawan masu yin abu ba ya mai da shi daidai. Kuma maganar rashin zaɓi ba ta tsaya ba, domin akwai babbar manhaja da masu ita suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya raba, ya gyara, kyauta kuma bisa ƙa'ida. Sunanta Linux.

Kafin in zo kanta, bari in faɗi abin da nake yabawa a burin yaran nan, domin kada uba ya karanta wannan ya je ya kashe wa ɗansa gwiwa. Haɗa kwamfutar tebur da hannu makaranta ce sukutum. Yaro zai koyi cewa ba kowace firosesa ke shiga kowace uwar allo ba, dole ya karanta takardar bayani, sau da yawa da Turanci ko Faransanci. Zai lissafa wat nawa kowane kaya ke ci kafin ya zaɓi akwatin wuta, wato darasin lantarki da muke rubutawa a allo ya zama abin taɓawa da hannu. Zai fahimci zafi da iska, dalilin sa fanka da shafa man sanyaya firosesa, abin da a zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba wasa ba ne. Zai koyi haƙuri, ya cire wannan ya gwada wancan har ya gano inda cutar take. Kuma kwamfutar tebur tana da wata fa'ida da ta dace da mu: abin da ya mutu shi kaɗai ake canzawa. Duk wannan ilimi yana nan daram ko wace manhaja aka ɗora a ƙarshe. Shi ne kuma ke iya zama sana'a.

Linux kuwa wani ɗalibin jami'a ne a Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Yau ana samunta iri-iri. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, tana fitar da zubi mai ɗorewa duk shekara biyu, ana kula da kowane zubi shekara biyar kyauta. Linux Mint ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows. Emmabuntüs kuma a Faransa aka shirya ta musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Duk ana iya sa su da Faransanci. Ba kayan wasan yara ba ne: jandarmomin Faransa suna aiki da wani nau'in Ubuntu a dubban kwamfutocinsu, jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnati kan Linux, kuma wayar Android da ke aljihun kusan kowannenmu a kan tushen Linux aka gina ta. A ciki akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, GCompris na ƙananan yara, da Kiwix da ke ba da damar karanta Wikipedia, har ta Hausa, ba tare da intanet ba.

Yana da kyau uba ya tambayi ɗansa abin da yake so ya yi da macOS ɗin. Sau da yawa amsar ita ce haɗa bidiyo da Final Cut Pro, ko kiɗa da Logic Pro, ko rubuta manhajar iPhone da Xcode. In bidiyo ne, DaVinci Resolve tana da zubi na kyauta da ƙwararru ke aiki da shi, ga Kdenlive da Shotcut ga na'ura mai ƙaramin ƙarfi. In sauti ne, a fara da Audacity. In rubuta manhajar waya ne, a dubi wayoyin da ke hannun mutanenmu: Tecno, Itel, Infinix, Samsung, duk Android ne, kuma Android Studio tana aiki a Linux da Windows. Wanda aikinsa ya kai matsayin da lallai sai Mac, to ya tara kuɗi ya sayi ta gaske. Mac mini ta ƙarshen 2024 ta fito a kan dala 599 a Amurka. Kafin ta iso nan za ta ƙara tsada, amma za ta tashi kullum, kuma za ta ci gaba da karɓar sabuntawa. In kuwa amsar yaro ita ce kawai abokai su ga tambarin tuffa a allonsa, to wannan ba buƙata ba ce, zanen aro ne.

Ga ƴan uwana malamai da daraktoci da membobin COGES, akwai wata rana da ta shafe mu kai tsaye. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin na'urori, irin waɗanda ƙungiyoyi suka ba makarantunmu kyauta ko aka sayo na hannu. Waɗannan akwatuna da ke jibge a kusurwar ofis ba shara ba ne. A ware rana ɗaya a mako, a tara ɗalibai masu sha'awa, maza da mata, a buɗe uku a haɗa biyu masu aiki, a ɗora musu Linux. A rubuta kowane mataki a littafi da zai zauna a makaranta, domin ko malami ya tafi ilimin ya tsaya. Yaron nan da ke mafarkin Hackintosh shi ya fi dacewa a ba shugabancin wannan rukuni.

Ga uwaye kuma, in ɗanku ya zo da takardar lissafi, kada ku kore shi, kada kuma ku miƙa kuɗi nan take. Ku tambaye shi abu uku: wane aiki za ka yi da ita, wa zai gyara ta in ba ka nan, kuma shekara nawa za ta yi tana karɓar sabuntawa? In ya amsa da hujja, ku saya masa kayan daidai ƙarfinku, ku haɗa da na'urar kare ta daga hawa da saukar wuta, ya haɗa abarsa ya ɗora mata manhajar da ya mallaka da gaskiya. Kuɗin da za a kashe neman katin da zai yaudari manhajar Apple, gara a ƙara masa memori da su, ko a biya masa intanet na wata uku ya koyi rubuta manhajar kansa.