Everest: Masu tara agogo da gwarzayen hawan tsauni

A duniyar masu sha'awar tara agogunan hannu, da wuya a samu ranar da ake yawan ambata kamar 29 ga watan Mayun shekarar 1953.

A ranar ce Edmund Hillary, ɗan ƙasar New Zealand, da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, suka zamo mutanen farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar Everest, tsaunin da ya fi kowane tsayi a duniya, wanda ke kan iyakar Nepal da China.

Tun daga lokacin sunan Hillary ya zamo tamkar haja a kasuwar agogo, inda labarin wanda ya ɗaura agogo kan fi ƙarfen da aka ƙera shi da shi daraja.

Misali, a shekarar 2017 an yi gwanjon wani agogon Rolex na ɗan wasan fim ɗin Amurka, Paul Newman, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 17.8 a birnin New York.

Wane agogo ne ya kai ƙololuwa?

Kamfanoni biyu ne dai suka bai wa ayarin Birtaniya na 1953 agoguna: Rolex na ƙasar Switzerland da kuma Smiths na Ingila.

Abin da suke nema shi ne shaidar cewa agogonsu zai jure wa tsananin sanyi da girgiza, a zamanin da ba a fara amfani da agogo mai batir ba.

A wannan shekarar ce Rolex ya fitar da samfurin Explorer, kuma har yanzu yana danganta shi da nasarar Everest a tallace-tallacensa.

To sai dai agogon da Hillary ya ce ya kai ƙololuwa da shi ƙirar Smiths ne, kuma a yanzu yana ajiye a gidan adana kayan tarihin kimiyya na birnin London.

Smiths ya daina ƙera agogon hannu shekaru da dama da suka wuce, shi kuwa Rolex ya ci gaba da cin moriyar labarin. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Darajar irin waɗannan agoguna ta fito fili a shekarar 2010, shekaru biyu bayan mutuwar Hillary, lokacin da matarsa June ta aika da wasu agogunansa birnin Geneva domin a yi gwanjonsu.

'Ya'yansa biyu, Peter da Sarah, sun garzaya kotu a New Zealand, inda aka dakatar da cinikin, yayin da gwamnatin ƙasar ta ce ɗaya daga cikin agogunan kayan tarihi ne da doka ta kare.

Kamfanonin ba su daina neman gwarzaye ba. Montblanc ya fitar da agogo da sunan Reinhold Messner, ɗan Italiya wanda shi da Peter Habeler suka hau Everest a 1978 ba tare da tulun iskar shaƙa ba.

Shi ma Bremont na Birtaniya ya ɗauki nauyin Nirmal Purja, ɗan Nepal da ya hau tsaunuka 14 mafiya tsayi a duniya cikin wata shida da kwana shida a 2019.

Waɗanda aka manta da su

Tambayar da ke tasowa ita ce, su wa ake girmamawa, su wa kuma aka bari a baya?

Hawan 1953 shi ne yunƙurin Tenzing na bakwai a kan Everest, kuma shekara guda kafin nan ya kusa kai wa ƙololuwa tare da wani ayarin Switzerland.

Duk da haka Hillary da jagoran ayarin, John Hunt, su ne suka samu lambar girma ta Sir daga Sarauniyar Ingila, Tenzing kuwa aka ba shi lambar George Medal.

'Yan dako fiye da 300 da suka ɗauki kayan ayarin kuwa, ba kasafai ake jin labarinsu ba.

Har yanzu 'yan Sherpa ne ke ɗaura igiyoyi da kafa tsani a wuraren da suka fi haɗari, kafin baƙi masu kuɗi su biyo baya.

A ranar 18 ga watan Afrilun 2014 zaftarewar ƙanƙara ta hallaka 'yan Nepal 16 masu yi wa baƙi jagora a kan tsaunin.

Tallafin farko da gwamnatin Nepal ta yi wa kowane iyali tayinsa kimanin dala 400 ne, abin da ya fusata abokan aikinsu har suka ƙaurace wa hawa a wannan shekarar. Sabon agogon Explorer guda ɗaya kuwa yana kai wa dubban daloli.

Zaɓen Purja da aka yi alama ce ta cewa al'amura sun fara sauyawa, kamar yadda sunan Kami Rita Sherpa, wanda ya hau Everest karo na 31 a shekarar 2025, ke ƙara fitowa a kafofin watsa labarai.

Abin jira a gani shi ne ko wannan girmamawa za ta tsaya a kan 'yan ƙalilan da suka yi suna, ko kuwa za ta kai ga inganta albashi da inshorar ɗaruruwan ma'aikatan da ke saka rayukansu cikin haɗari a kowace shekara.