Death Note Bai Mutu da Mutuwar L Ba

Wata magana ta zama ruwan dare tsakanin masu karanta manga, wato labaran zane na ƙasar Japan: wai Death Note ya ƙare tun a babi na 58 inda L ya mutu, abin da ya biyo baya ciko ne kawai. Ban yarda ba. Ina kuma kyautata zaton mafi yawan masu faɗin haka fim suka kalla, littafin bai taɓa shiga hannunsu ba.

Tsugumi Ohba da Takeshi Obata sun fitar da labarin a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2003 zuwa 2006, babi 108 cikin juzu'i 12. Ke nan babi 50 ne suka biyo bayan mutuwar L, kusan rabin littafin. Kamfanin Madhouse kuwa ya ba zamanin L kashi 25 daga cikin 37, ya cusa sauran cikin 12. In Near ya yi kama da boka mai gano asiri babu hujja, almakashin masu fim ne ya yanke hujjojin.

Sa'an nan, mene ne jigon labarin? Masu suka sun ɗauke shi wasan dara tsakanin gwanaye biyu, don haka da ɗaya ya faɗi sai su tashi. Alhali tambayar da aka shimfiɗa tun babi na farko ita ce: me ikon kisa zai mayar da yaro mai ganin kansa adali? Muddin L na raye, Light Yagami yana da uzurin kare kai. Sai da babu mai taka masa birki muka ga ainihinsa. Dubi mutuwar mahaifinsa, Soichiro: tsoho yana shaƙuwar ajali, yana murnar ɗansa ba Kira ba ne, ɗan kuwa hankalinsa na kan yadda uban zai rubuta sunan Mello kafin rai ya fita. Babu wani fage a rabin farko da ya kai wannan ɗaci.

Rauni akwai shi, ba na musu. A ce Gevanni ya kwafe littafin Mikami gaba ɗaya cikin dare guda, har da kwaikwayon rubutun hannu, wannan ya yi wa hankali nauyi. Amma abin da ya tona asirin yana da tushe: Mikami ya ruga banki ya rubuta sunan Takada ba tare da umarni ba, domin ya koyi tunani irin na ubangidansa, wanda shi ma ya rubuta sunan.

Ƙarshen ma fim ya yi masa kwalliya, ya bar Light ya mutu kan matakala cikin natsuwa. A littafin, bayan harbin Matsuda, yana birgima cikin jini ne, yana roƙon Ryuk ya cece shi. Ryuk ya buɗe littafinsa ya rubuta sunan Light, kamar yadda ya gaya masa zai yi tun haɗuwarsu ta farko.