Ƙwararre kuke nema, wa kuka taɓa koya wa?

Wata ranar Talata na raka ɗan yayata intabiyu a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Saƙon da aka turo masa a waya cewa ya yi ƙarfe takwas na safe. Bakwai da rabi muna bakin ƙofa, muka tarar wasu sun riga mu, kowa ya sha guga, da ambulan ruwan ƙasa a hammata. Benci biyu ne kacal a farfajiyar, sauran suka jingina da katanga, inuwa na matsawa suna bin ta. Manaja bai iso ba sai da aka kira Azahar, ya ratsa ta tsakiyarsu waya manne a kunne, ko sannu bai ce wa kowa ba.

Da layi ya zo kan yaron, minti biyar bai cika ba ya fito. Na ce, "Yaya dai?" Ya ce, "Kawu, tambaya biyu aka yi mini: wa ya turo ni, kuma shekara nawa na yi ina aiki. Sai aka ce in je za a neme ni." Har yau shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ku masu kamfanoni da manyan kantuna, da ku nake, da manajojin da kuka ɗora a kan kujera. Wannan abin da kuke yi ba tantancewa ba ne, wulaƙanci ne. In kun riga kun ware gurbin don ɗan ƙanin Alhaji, me ya sa za ku tara 'ya'yan mutane a rana, wani ma rancen kuɗin mota ya ci daga Wudil ko Bichi? In kuwa da gaske ma'aikaci kuke nema, "wa ya turo ka" ba ta taɓa nuna wanda ya iya aiki ba. Ku ajiye masa littafin shige da ficen kaya mai kuskure a ciki, ku ga ko zai tsinto shi. Ku ce masa ga dila ya zo a fusace an kai masa katan ɗin da bai saya ba, me zai gaya masa? Minti goma ya isa a gane mai kai. Ba ku yi, don yawancinku ba ku taɓa zama kun rubuta abin da kuke so ma'aikacin ya iya ba.

Sai maganar ƙwarewa. Yaro bara ya gama bautar ƙasa, kun rubuta a talla kuna son wanda ya shekara biyar a bakin aiki, a kan albashin da ko mafi ƙaranci na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ba. A ina zai samo shekara biyar ɗin, a cikin mahaifiyarsa? Kowannenku yana jiran wani ya sha wahalar koyarwa shi kuma ya zo ya ɗauke, shi ya sa kuke ta zawarcin ma'aikatan juna da ƙarin dubu goma, kuna kuma kukan yaran yanzu ba su iya komai ba.

Wanda ya yi sa'a aka ɗauka ma bai tsira ba. Na taɓa tsayawa biyan kuɗi a wani babban kanti, yarinyar da ke kan na'ura hannunta na rawa, POS ya cire kuɗin wata mata bai fitar da rasit ba. Ba ta san abin yi ba. Mai kula da su ya taho ya balbale ta da faɗa a gabanmu, yana cewa daga albashinta za a cire. Da ya juya baya na tambaye ta yaushe ta fara, ta ce kwananta uku. Horon da ta samu duka bai wuce "ki riƙa kallon yadda waccan take yi" ba, waccan ɗin kuma ranar ba ta zo ba. Matar da aka cire wa kuɗi ta fita tana rantsuwar ba za ta sake taka kantin ba. Wa ya yi asara, kuma laifin wa?

Kar ku ce horo na da tsada. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, mai hedikwata a Jos. Kamfanonin da dokar asusun ta hau kansu suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya karɓo har rabin abin da ya zuba. Wasunku suna biya kamar haraji su manta, wasu suna zillewa. Ɗaliban jami'a da kwalejin fasaha da ake turo muku a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun ya ɓullo da shi a 1973, kun mayar da su 'yan aiken sayo abinci da kati, in wa'adinsu ya cika a buga musu hatimi a littafi. Takardar sharuɗɗan aiki da dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci kafin ya wuce wata uku, ita ma sai an yi ta bin ku.

Abin da ya fi ba ni haushi, da yawa daga cikinku yaran shago ne a da. A Kantin Kwari yaro da shara yake farawa, sai ninkin atamfa, sai ya san shadda mai kyau da taɓi ɗaya, ya san wane abokin ciniki ake ba bashi wane ne sai ya ajiye kuɗi. Ubangida yana zaune yana kallonsa, ya gyara masa yau, ya tsawata gobe, sannan ya fara aikensa banki, daga baya Legas, ranar sallama ya damƙa masa jari. Ban ce duk iyayen gida adalai ba ne, akwai masu ƙirƙiro wa yaro sata in lokacin sallama ya gabato. Amma ko mugun cikinsu bai taɓa miƙa wa baƙon yaro makullin shago ranar farko ya ce ya nuna ƙwarewa ba. Ku aka yi wa wannan haƙurin. Da kuka samu ofis mai sanyi da kwamfuta, sai kuka ga zama da sabon ma'aikaci na mako biyu ɓata lokaci ne.

Makon jiya ɗan yayata ya turo mini talla a WhatsApp. Kamfanin nan ne dai, gurbin nan ne dai, ana neman mai ƙwarewar shekara biyar, a hallara ƙarfe takwas na safe. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, in sake zuwa?"