Jitar katako, jitar kabon da hunturun Kano

Mai jitar katako a Kano yakan riga kowa sanin shigowar hunturu. Tun leɓe bai fara tsagewa ba, tun hazo bai rufe Dala da Goron Dutse ba, zai ji bakin ƙarafan da ke jere a wuyan jitar sun fito suna kartar masa tafin hannu. Katakon ya tsotse, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Daga nan sai tsirkiya ta sauko ta riƙa gogar ƙarafan, amo ya dishe. In aka yi sake, fuskar jitar ta dare daga jaki har gindi.

Ni ba makaɗi ba ne. Ban gada ba, ba kuma da shi nake ci ba. Ma'aikaci ne ni mai ɗan taɓa tsirkiya bayan an tashi daga aiki, don huce gajiya. Na daɗe da jitar katako kafin in ƙara da ta zaren kabon, kuma yanzu da na waiwaya, na ga abin da ya raba mini gardama tsakaninsu ba shi ne abin da ake yawan musu a kai ba.

Manyan maƙera jita na Amurka, irin su Martin da ke sana'ar tun 1833 da Taylor na Kaliforniya, suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, a watan Janairu da Fabrairu, yakan faɗi ƙasa da 20, a Agusta kuma ya haura 70. Fuskar jita mai kyau falle ne na itace da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Itace kuma ko an sare shi bai daina shan ruwa da fitarwa ba. Da damina ya kumbura, cikin jitar ya turo, tsirkiya ta yi sama har yatsu su yi zafi. Da hunturu ya tsuke, amma ƙananan sandunan da aka manna a gicciye daga ciki ba sa barinsa ya tsuke yadda yake so, sai ya tsage. Tawa ta tsage a wani hunturu, wani kafinta mai haƙuri ya cusa gam ya ɗaure ta, ta ci gaba da magana da tabonta.

Maganin sananne ne. A jiƙa soso, a matse, a sa shi a gidan sabulu da aka huhhuda, a ajiye cikin akwatin jitar a rufe ruf. Bayan kwana biyu soson ya bushe ƙamas, a sake. Ba wani aiki ne mai wuya ba, amma ga abin da ya haifar: jitar ta koma zama a akwati, akwatin ya koma saman kabad don kada yara su buɗe. Mutumin da ya dawo gida a gajiye, ya ci tuwo, ya yi isha'i, da wuya ya miƙe ya sauko da akwati don kiɗan minti goma. Haka rani yakan wuce mini hannu ya yi sanyi, abin da na koya da damina ya zube.

Ta kabon ba ta san da wannan ba. Ana saƙa zaren kabon kamar yadi, a jiƙa shi da wani danƙo mai ƙarfi, a shimfiɗa a cikin zubi a gasa. Irin kayan da aka yi yawancin gangar jirgin Boeing 787 da shi ke nan, ba shi da ƙofofin da ruwa zai shiga ko ya fita. Ba mamaki masu harkar jiragen sama ne suka kawo shi cikin kiɗa. Charles Kaman, mai ƙera jirage masu saukar ungulu, shi ya fito da jitar Ovation a 1966 da baya mai kama da ƙwarya wanda ba na itace ba, daga baya a shekarun 1970 ya yi Adamas mai kabon a fuska. John Decker kuma, a tsibirin Maui na Hawai, ya kafa RainSong, waɗanda suka yi suna da jitar da kusan duk jikinta kabon ne. Su ruwa da laima suke gudu, haka ma Emerald da ke Donegal a Ayilan inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Abin da suka ƙera don gudun jiƙewa sai ga shi ya yi maganin bushewa a Sahel.

Tawa a jingine take a bango, ba akwati ba soso. Ƙura ta hau, in goge da tsumma. In ɗauke ta a Fabrairu in same ta yadda na bar ta a Agusta. Saboda tana kusa da hannu, sai na riƙa ɗaukar ta ina jiran abinci, ko wuta ta ɗauke an fito tsakar gida shan iska. Waƙoƙin da suka gagare ni shekaru, a kanta suka zauna. A nan na gane cewa ɗan koyo irina, sa'o'in da jita ta yi a hannunsa su ne ƙimarta. Zaƙin amon da ke kulle a saman kabad ba ya koya wa yatsa komai.

Amma a kan amo ba zan yi mata kara ba. Muryarta tas take, da ƙarfi, kowace tsirkiya tana fita daban kamar an wanke ta. Ta katako kuwa muryoyin suna cakuɗa, akwai wani ɗumi a ƙasa da ke biyo bayan kowane bugu, mai riƙe da ita yana jin sa a ƙirji. Ruwan randa ne da na jarka: jarka ba ta fashewa, amma kowa ya san wanda ya fi daɗin sha. Sai dai abokan da ke zaune suna saurare ba kasafai suke bambancewa ba, ni mai rungume da ita ne nake ji. Masu cewa sai itace kaza daga daji kaza ne ke ba da amo ma sun cika baki. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya tsara jitar gargajiya yadda aka san ta yau, ya ƙera wata da baya da gefuna na kwali, don ya nuna cewa fuska ce ke magana. Jitar tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Mu da muka ji abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya fitar daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya, bai kamata a ruɗe mu da sunan itace ba.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne tafiyar da itacen yake yi. Baƙin itacen da ake shimfiɗawa a wuyan jita, ɗan'uwan kanya ne, kuma da yawa daga dajin Kamaru yake fitowa. Taylor ma da wani abokin hulɗarsu sun sayi masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Dangin maɗaci suna shiga bayan jita da gefunanta. Itace ya bar Afirka, ya je Amurka a gyara shi a ɗaki mai daidaitaccen danshi, ya dawo Kano ya sha wahala.

Kabon ma da nasa aibun. Jitarsa baƙa ce, in ta zauna a rana ba ta taɓuwa, kuma barin ta a mota a rufe da bazara ganganci ne, don danƙon yana iya yin laushi. In ta faɗi ta fashe, ba kafintan da zai iya mata komai, ba a fere ta ba a manna ta da gam na katako. Tsirkiya kuwa tana tsatsa da gumi ko a kan wace aka ɗaura ta. Ga tsada: ta kabon zalla tana cin kuɗin jitar koyo da yawa a haɗe. Masu araha da ke zuwa daga Sin galibi gaurayen kabon ne da roba. Suna jure yanayi, amma muryarsu ba ta kai ta waɗancan ba.

Shi ya sa da wani ƙanena ya tambaye ni wadda zai fara da ita, ban tura shi ga ko ɗaya cikin biyun ba. Akwai ta tsakiya, wadda aka yi da fallayen katako da aka manna a gicciye, irin Yamaha F310. Kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa, don haka ba ta saurin tsagewa, kuɗinta kuma ba ya hana barci. Na ce ya kai ta a sauko masa da tsirkiya daidai yatsunsa, ya kafa ƙusa a bangon da rana ba ta duka, nesa da murhu, ya rataye ta can.