Uwargida, Kafin Ki Kai Kwamfutarki Gyara

Yau maganar da na zo mana da ita ta wata na'ura ce wadda ta shigo ɗakunanmu ta zauna daram, watau kwamfuta. Malamar makaranta a ciki take shirya sakamakon jarrabawar ɗalibanta, mai sayar da atamfa a ciki take rubuta masu cin bashi, uwar adashi a ciki take lissafin zubi, 'yan matanmu na jami'a kuwa a ciki karatunsu yake kwance gaba ɗaya. To, amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka tambayi kanmu abin da zai sami wannan ajiya tamu ranar da na'urar ta ƙi tashi?

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya sami 'yar yayata. Yarinyar tana shekarar ƙarshe a jami'a, mahaifinta ya yi ta-maza ya sayo mata sabuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, da rasit da takardar garanti ta shekara guda. Wata na bakwai, rannan da safe ta danna, shiru. Ba ta damu ƙwarai ba, tunda akwai garanti. Ta kai wa dillalin da aka saya a wurinsa, aka karɓa, aka miƙo mata wata takarda ta sa hannu, ta komo gida. Bayan mako uku aka kira ta. Kwamfuta ta tashi sarai, sai dai fes take kamar ranar da aka ɓare ta daga kwali. Babi huɗu na aikin kammala karatunta babu, hotunan marigayiya kakarta babu.

Kashegari na yafa gyalena na raka ta, ina tafe ina shirya maganganun da zan yaɓa musu. Manajan wurin bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya jawo takardar nan da ta sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan wani layi na ƙananan baƙaƙen Turanci, wanda ke cewa ba ruwansu da duk abin da ya ɓace daga cikin na'ura a lokacin gyara. Na ce to a ba mu tsohon rumbun da aka cire. Ya ce ai tuni aka mai da shi kamfani. Haka muka komo jiki a sanyaye. Babi biyu ta tsira da su domin ta taɓa aika wa malaminta, sauran biyun kuwa sai da ta sake rubuta su daga farko, ga jarrabawa a gaba.

Daga ranar na fahimci wani abu wanda nake so kowace mai karanta wannan fili ta riƙe. Garanti na ƙarfe ne da roba. Abin da kika zuba a ciki ba ya cikin alkawarin. Manyan kamfanonin da ke ƙera kwamfuta, irin su HP da Dell da Lenovo da Apple, duk sun rubuta wannan a cikin sharuɗɗansu: mai na'ura ita ce za ta kwafe kayanta kafin ta kawo gyara, kuma ana iya share rumbun ko a musanya shi. Haka nan sun rubuta cewa duk abin da aka cire aka sa sabo a madadinsa, tsohon ya zama nasu. Watau manajan nan ba ƙarya ya yi mana ba.

Bari in yi musu adalci kaɗan. Rumbun kwamfuta, watau ɗan abin nan da ke cikinta wanda rubuce-rubuce da hotuna ke kwance a kansa, shi kansa yakan lalace, kuma in shi ne ya lalace, gyaransa shi ne a sa sabo, sabo kuwa wayam yake zuwa. Wani lokaci kuma mai gyara yakan share kome ya sake zuba manhajar na'urar domin ya gane ko ciwon daga ƙarfe ne ko daga manhaja. Bugu da ƙari, kwamfutocin zamanin nan da yawa an manne rumbunsu a jikin babban allon cikinsu, wanda masu gyara ke kira bod. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple masu ƙwaƙwalwar M1, waɗanda suka fara fitowa a 2020, da na bayansu, haka suke. In aka canja allon, ajiya ta bi shi ke nan.

Amma duk da haka ban wanke su ba. Mai gyaran da ya san sarai cewa yana iya share aikin shekara guda na yarinya, me zai hana shi buɗe baki ya ce mata, “Kin kwafe kayanki kuwa?” Wannan tambaya ba ta cin minti guda. A ɓoye magana mai nauyi haka a cikin ƙananan baƙaƙe, da harshen da ba kowa ke ji ba, sa'an nan a miƙo biro a ce sa hannu a nan, lalle wannan ba halin ciniki nagari ba ne. Dokar kare hakkin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ce duk sharaɗin da ke rage alhakin mai sana'a, wajibi ne a jawo hankalin mai saye a kansa a fili. Ina kira ga dillalai da masu gyara, daga na Farm Centre a Kano har na Ikeja a Ikko, su rubuta wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, su manna a bakin kanta.

To, kafin su ji wannan kira, mu me za mu yi? Ke 'yar'uwa, in kwaɗon akwatinki ya lalace, kya kai wa maƙeri da sarƙoƙinki na zinariya a ciki? Ai sai kin juye su tukuna. Matsalar kwamfuta ita ce ranar da ta mutu ba ta barinki ki juye kome, saboda haka juyewar tun tana da rai ake yinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana sun ba da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk abin da ba ki so ki rasa, ya kasance yana wuri uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ba a gidanki ba. Misali, ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filash ko rumbun waje da ake jonawa, ɗaya kuma a ma'ajin intanet. Google na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, Microsoft da Apple kuwa gigabait 5 kowannensu. Wannan ba zai ɗauki bidiyon biki duka ba, amma zai ɗauki littafin bashi da aikin makaranta har da saura. Ki sa wa kanki rana guda a mako, kamar yadda kika sa ranar wanki. Kuma lokaci-lokaci ki buɗe kwafin ki gani da idonki yana buɗuwa, kada ranar bukata ki tarar da fanko.

Akwai kuma wani makulli da yawancinmu ba mu san yana jikin na'urarmu ba. Kwamfutoci masu Windows da yawa suna kulle rumbunsu da wani tsari mai suna BitLocker, kuma tun daga sabuntawar Windows 11 ta 2024 kullewar ta ƙara yawaita ba tare da mai na'ura ta nema ba. In aka canja babban allo, kwamfutar takan tsaya ta ce sai an ba ta mabuɗi mai lambobi 48. Kayanki na nan a ciki lafiya lau, amma in babu lambobin nan, ko mai gyaran ba shi da dabara. Galibi mabuɗin yana ajiye a asusunki na Microsoft. Ki shiga yau ki kwafe shi a takarda, ki adana inda kike adana takardun haihuwar yara. In kuwa yaron shago ne ya buɗe miki asusun ranar saye, ki tabbata kin san sunan asusun da kalmar sirrinsa.

Sai ranar kai gyara. In na'urar tana tashi ko da da ƙyar ne, kada ki fita da ita sai kin kwafe kome. In ta mutu ɗungum, ki sani sau da yawa ciwon na wuta ne ko na allo, rumbun kuwa lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ki tambaye su ko za a iya kwafe miki kayanki kafin a taɓa kome, ko kuwa a cire rumbun a ba ki, in irin mai ciruwa ne. Kada ki ba wani ya kwance ta a gefe kafin kin tambaya, domin ɓarnar da aka yi wajen kwancewa garanti ba ya ɗaukarta, kuma ita ce hujjar farko da za a kafa miki. Wasu kamfanoni, kamar Dell da HP da Lenovo, suna sayar da wani ƙarin alkawari wanda ke ba mai na'ura damar riƙe tsohon rumbunta in aka canja. Mai sana'ar da ke ajiye sirrin mutane, kamar lauya ko likita, ya kamata ta tambayi wannan tun ranar saye.

Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba. In Turancin ya yi miki tsauri, ki tafi da wanda zai fassara miki, babu abin kunya a ciki. Ki sa a rubuta a takardar karɓa lambar jikin na'urar, da abin da ke damunta, da abin da kika bayar tare da ita, kamar caja. Ki sa a ƙara da cewa kada a share rumbu ko a canja shi sai an kira ki. Ki ɗauki hoton na'urar gaba da baya da wayarki a gabansu, domin kada gobe a ce da tsagar gilashi kika kawo ta, ko ruwa ne ya shige ta. Ki karɓi kwafin takardar ki riƙe.

Wata magana kuma ta shafe mu mata musamman, ita ce ta sirri. A 2022 masu bincike na Jami'ar Guelph da ke Kanada sun kai kwamfutoci wuraren gyara da 'yar matsalar da ba ta bukatar a buɗe fayil ɗin kowa, bayan sun sa musu abin da ke rubuta duk inda aka taɓa. Suka tarar wasu masu gyara sun leƙa hotuna da takardun mutane, wasu ma har kwafa suka yi. A Amurka kuma, a 2021 labari ya fito cewa kamfanin Apple ya biya wata ɗaliba diyya mai yawa, domin a 2016 masu gyara a wani wurin da ke yi masa aiki sun watsa hotunanta na sirri daga wayar da ta aika gyara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Hotunan cikin ɗaki da takardun banki, ki kwashe su kafin ki miƙa. In an nemi kalmar sirrinki, ki tambayi dalili, domin canja batir ko gilashi ba ya bukatarta. In gwaji za su yi, a buɗe musu wani asusu dabam wanda babu kome a ciki. Nijeriya ma ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, da hukumar NDPC mai lura da ita.

In kuwa mai aukuwa ta riga ta auku, abu na farko ki kashe na'urar, kada ki zuba mata kome sabo. In rumbun irin na da ne mai faifai mai juyawa, kuma share shi kawai aka yi, gwanaye kan iya tono wani abu muddin ba a rubuta sabo a kansa ba. In irin na yanzu ne da ake kira SSD, tonowar tana da wuya ƙwarai, domin shi yakan goge abin da aka share da kansa. In canja shi aka yi, ki nemi tsohon a ranar, kafin a tura shi. Sa'an nan ki binciki duk inda kika taɓa aika kayanki, imel da WhatsApp da wayoyin ƙawaye, domin ta nan 'yar yayata ta tsira da rabin aikinta.

Abu na biyu, ki bar hayaniya a bakin kanta. Ni na gwada ta, ba ta komo mana da ko shafi guda ba. Ki rubuta takardar koke, ki sa rana da wata, da lambar na'ura, da abin da ya faru, da abin da kike nema, ki haɗa da kwafin rasit, ki sa a sa miki hannu cewa an karɓa. In dillali ya yi kunnen uwar shegu, ki rubuta wa kamfanin kansa. In nan ma shiru, akwai hukumar tarayya mai kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda ke karɓar koke ta intanet. Dokar nan ta 2018 ta kuma ce kayan da suka nuna aibi cikin wata uku da karɓarsu, mai saye na da ikon mai da su a gyara, ko a canja, ko a biya ta kuɗinta. Amma in gaya miki gaskiya, hukuma na iya sa a ba ki sabuwar kwamfuta, ba ta iya komo miki da hoton kakarki.

Saboda haka, uwargida, in kin ajiye jaridar nan, ki ɗauko filash ki kwafe abin da ya fi miki daraja tun yau, ki kuma tambayi 'yarki ta jami'a wuri nawa aikinta yake. In ta ce wuri ɗaya ne, kada ki bar ta ta kwanta sai ya zama biyu. Sai mun sake saduwa.